Kama da Wane Ba Ta Wane: Nasiha ga Masu Sha'awar Kyamarar Yayi

'Ya'yana masu sha'awar ɗaukar hoto, maza da mata, akwai wata irin kyamara da ta shiga ranku a 'yan shekarun nan, kuma ban ga laifinku ba. Ƙarama ce, kanta na ƙarfe mai launin azurfa, jikinta a naɗe da baƙar fata ko abin da ya yi kama da ita, a samanta ga 'yan mamurɗai an zana musu lambobi kewaye. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka ta haura shekara 50, alhali jiya-jiya ta fito daga masana'anta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda labarin ke yawan ƙarewa. Yaro ya tara kuɗi, ya sayar da waya, wani har ya ci bashi, ya mallaki abar. Wata biyu yana rataye da ita a wuya duk inda ya sa ƙafa. Daga nan sai ka tarar duk mamurɗan nan suna kan harafin A, wato kyamarar ce ke yanke wa kanta hukunci, hotunan kuma ba su fi na wayar da ya sayar ba. Kafin shekara ta zagayo ya sa ta a kasuwa da asara. Ni kuwa ina ganin akwai alheri na gaske a cikin irin wannan kyamara, sai dai ba a inda kuke nemansa yake ba. Alherinta yana cikin mamurɗan nan da ke koya wa hannu sanin haske, kuma duk wanda ya saye ta don wani dalili daban ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Ya kamata ku san asalin abin. Manyan kyamarorin da aka saba gani a hannun masu hoton biki suna da madubi a ciki, a jingine, yana karɓar hasken da ya shigo ta gilashin gaba, wato lensi, ya tura shi sama zuwa tagar da ake leƙawa. In an danna sai madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan fim ko sensa, shi ne ƙarar nan da kuke ji. A 2008 kamfanin Panasonic ya fitar da Lumix G1 wadda ba ta da madubin, sensar ce da kanta ke nuna wa mai ɗauka abin da ke gabansa a ɗan ƙaramin allo. Cire madubi ya sa jiki ya sirance, sai Olympus ya ga dama a 2009 ya yi E-P1 da siffar tsofaffin kyamarorinsa na Pen. Fujifilm ya nuna X100 a baje kolin Photokina na Jamus a 2010, ya fara sayar da ita a 2011, kuma daga nan yayin ya kankama. A daidai wannan lokaci ne wayar hannu ta fara cinye kasuwar. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 abin bai kai miliyan 10 ba. Wanda kasuwarsa ta rushe haka dole ya nemi abin da waya ba za ta iya bayarwa ba, kuma abin da suka samo shi ne daɗin riƙo da kwarjinin kayan da. Nikon ya bi sahu da Z fc a 2021, wadda aka zana bisa FM2 ta 1982, sannan Zf a 2023. Ban kira wannan yaudara ba, kasuwanci ne halal. Amma yana da kyau mai saye ya san cewa sha'awar da yake ji a ransa an zauna an tsara ta.

To, kama da wane ba ta wane. FM2 ta asali na'ura ce ta ƙarfe da sifirin. Ko babu batir tana ɗauka har zuwa saurin kashi ɗaya cikin 4000 na daƙiƙa, ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatar wuta, shi ya sa har yau akwai waɗanda suka haura shekara 40 suna aiki. Z fc kuwa kwamfuta ce a cikin rigar FM2, batirinta na mutuwa ta zama kayan ado. Tudun nan da ke kanta, inda a da gilashin juya haske yake, yanzu ɗan allo ne a ciki. Sensarta mai megafiksel 20.9 ita ce dai ta cikin Z50 da ta riga ta fitowa a 2019 da jiki na zamani, kuma bambancin farashinsu ranar fitowa kusan dala 100 ne. Haka X100VI ta 2024 da X-T5 da X-H2 na Fujifilm, sensa iri ɗaya mai megafiksel 40 suke ɗauke da ita duk da bambancin surarsu. In aka ɗauki hoto ɗaya da irin lensi ɗaya da Z fc da Z50, babu mai iya rantsuwa wanne ne na wacce. Kayan doki suna ƙara wa mahayi kwarjini a filin hawa, amma ba sa ƙara wa doki gudu. Kuma tunda cikinta kwamfuta ne, tsufanta irin na kwamfuta ne, kada ku sa ran za ku bar wa jikokinku ita tana aiki.

Ga inda alherin yake. Abu uku ne ke yin hoto: faɗin kafar da haske ke shiga, tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke buɗe, da yadda aka ƙara wa sensa ƙarfin jin haske, wanda ake kira ISO. A kyamarorin zamani da yawa waɗannan ukun suna ɓoye a cikin allo, sai an kunna an lalubo. A mai siffar da kuwa suna fili, ko tana kashe kana ganinsu: saurin ƙyaure a mamurɗin sama, ISO a nasa mamurɗin a yawancinsu, faɗin kafa a zoben da ke jikin lensi. Duk lamba ɗaya da ka matsa, ka ninka haske ko ka raba shi biyu. Daga 250 zuwa 500 ka rage rabi, daga f/4 zuwa f/2.8 ka mayar da abin da ka rage. Wanda ya yi wata guda yana murɗa waɗannan da yatsunsa zai wayi gari yana duban wuri ya san lambarsa tun kafin ya ɗaga kyamara. Zai san da tsakar rana f/16 da 125 a kan ISO 100 sun wadatar. Zai san dokin da ya taho a sukwane ranar Hawan Daushe ba ya tsayuwa a hoto sai an kai 1000 ko fiye, kuma a ɗakin taron biki mai ƙarancin fitila dole ya buɗe kafa zuwa f/2, ya yarda ISO ya hau 3200, don kada ya sauka ƙasa da 125 fuskoki su jirkice. Zai kuma gane cewa na'urar hana rawar hannu da ake ta yabo a Zf da X100VI hannunsa kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da mai rawa a fili. Wannan ilimi ba ya tsufa in sabuwar kyamara ta fito, kuma yana bin mutum ko wace iri ya ɗauka daga baya.

Akwai mamurɗi na huɗu da nake so ku ƙulla abota da shi fiye da sauran, shi ne ƙaramin nan da ke ƙarƙashin babban yatsan dama, mai alamar tarawa da ɗebewa. Ku dubi dattijo baƙi sanye da farar shadda da farin rawani, yana tsaye a rana bayan sallar Juma'a. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, don haka in ya ga fari ya cika wuri sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Shaddar ta fito toka-toka, fuskar dattijon kuma ta nutse, idanu da gemu su haɗe su zama duhu ɗaya. Mai sani yakan murɗa zuwa tarawa ɗaya, yana kallo a tagar leƙe fuskar na buɗewa, ya tsaya daidai inda aikin allurar da ke wuyan rigar bai ƙone ya ɓace ba. In abin ya ƙi, sai ya roƙi dattijon ya ɗan matsa inuwar zaure. Wannan shi ne babban fifikon marar madubi a kan kyamarar da ta gabace ta, kana ganin sakamako kafin ka danna. Kuma a nan ne ya kamata ku yi hattara da launukan fim da ke ɗaukar hankalinku. Fujifilm ya sa wa X100VI salon launi 20, da yawansu da sunayen finafinan da ya daɗe yana yi, irin su Provia da Velvia da Astia, har X-T50 aka yi wa mamurɗi na musamman don zaɓensu. Suna da kyau ƙwarai. Sai dai zamanin fim ɗin da ake kewa bai yi wa baƙar fata adalci ba. Shekaru da dama katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi, wanda aka sani da katin Shirley, hoton Baturiya ne, kuma a kanta ake auna kowa. Salon da ke dusar da launi ya ƙarfafa inuwa, kamar Classic Chrome, yana iya yi wa titin Tokyo kyau amma ya kashe hasken fuskar amarya, ya disashe atamfarta da jan lallenta. Ke 'yata mai ɗaukar hoton kamu da walima, ki gwada kowane salo a kan fuskokin da za ki riƙa ɗauka, cikin hasken garinku, kada ki kwafo saitin wani daga intanet ki tafi da shi gidan biki. Ki kuma saita kyamara ta riƙa ajiye ɗanyen hoton, RAW, tare da wanda ta gyara, don in launi ya ɓaci a sami abin komawa.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, alhali waya na yin komai, kyamarar ma in an bar ta a A ba ta cika kuskure ba? Akwai gaskiya a maganar. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya su haɗe su, abin da suke fitarwa kuma ya ishi mai son ajiye tarihin iyali. Idan buƙatarka ke nan, ɗana, ka riƙe wayarka da kuɗinka, babu abin kunya a ciki. Amma na'ura matsakaicin hoto take nema, wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba. Ba ta san cewa kana so inuwar nan ta zauna baƙa ƙirin don fuskar yaron da ke bakin taga ta fito ita kaɗai ba, ba ta kuma san kana so ƙafafun dokin su ɗan jirkice don a ji gudunsa ba. Ƙwararru ma suna amfani da A, amma sun san abin da za ta zaɓa, sun san kuma lokacin da za su karɓe ragama. Wani kuma zai ce kyan kyamara shi ke sa mutum ya riƙa fita da ita, wanda ke fita da ita kuwa shi ke yawan ɗauka. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na kuma yarda da ita. X100VI nauyinta bai wuce giram 521 ba, tana shiga jakar hannu, ba kamar babbar da ake barinta a gida don nauyi ba. Illa dai fita da kyamara daban, ɗauka da lura daban, kuma sha'awar sabon abu ba ta cika wuce 'yan watanni ba in babu ilimin da zai riƙe ta.

Hujjar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta masu cewa sayen nagari mai da kuɗi gida, wai irin wannan kyamara ba ta faɗuwa. Tushen maganar sananne ne. X100V ta fito a 2020 a kan dala 1,399, sai a ƙarshen 2022 matasa suka yi ta yayata ta a TikTok, buƙata ta fi ƙarfin masana'anta, har ta hannu ta riƙa fin sabuwa tsada. Wannan ƙarancin kaya ne ya haɗu da yayi, ba ɗabi'ar kayan lantarki ba ce, kuma yayi ba ya sallama in zai tafi. X100VI ta fito a kan dala 1,599, Zf kuma kusan dala 2,000 jiki kawai ba lensi. A shekarar 2024 da dala ta haura naira 1,500, ta farkon ta tasam ma naira miliyan biyu da rabi tun kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wato mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 3 bai ci bai sha ba. Mai hali ya saya, Allah ya sanya albarka. Amma wanda zai ci bashi ko ya taɓa jarin sana'arsa da fatan zai sayar da riba, ganin kitse yake wa rogo.

Ko mai halin ma ya dubi aikin da zai yi, domin daidai ruwa daidai tsaki. Lensin X100 a manne yake, milimita 23, ba a cire shi ba ya kuma jawo nesa. Ya dace da yawon kasuwa da zaman gida da tafiya, amma wanda ya tsaya da shi a bayan taro yana son fuskar ango daga nesa zai koma gida da haushi. X100VI da Z fc ramin katin memori ɗaya gare su, kuma mai aikin kuɗi ya sani cewa kati na iya lalacewa, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi. X-T5 da Zf suna da biyu. Siririn jikin nan mai kyan gani ba shi da wurin riƙo sosai, in aka ɗora masa babban lensi aka yini da shi sai yatsu su ƙage, shi ya sa da yawa suke ƙarewa da sayen mariƙi su ɗaura, siffar da suka biya kuɗi dominta ta tafi. Ku kuma duba lensin kafin ku biya, domin yawancin na Nikon Z ba su da zoben kafa mai lambobi, haka ma masu arahar Fujifilm da ake kira XC, sai mutum ya sayi kyamara don mamurɗai uku ya tarar biyu ya samu.

Sai maganar ƙura, wadda masu talla daga ƙasashen sanyi ba za su tuna muku ba. A kyamara mai madubi, in an cire lensi madubi da ƙyaure suna kare sensa. A yawancin marasa madubi kuwa kana cirewa ga sensar nan tsirara tana kallonka. Canjin lensi ɗaya a fili cikin hunturu ya isa ya bar ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Ku canza a ɗaki ko a mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa, ku riƙe 'yar robar hura iska, kada ku hura da baki, kada ku kai bakin riga. X100V da X100VI ma da ake cewa suna jure ƙura da yayyafi, ba sa cika wannan sai an ƙara musu zobe da gilashin kariya a gaba, waɗanda ake saye daban. Batir kuma ba ya jimawa tunda allo da sensa kullum a kunne suke. Ƙananan nan hoto ɗari uku ko huɗu suke kaiwa a gwajin masana'anta, don haka inda wuta ba ta da tabbas batir biyu ko uku wajibi ne. Kafin ka zaɓi kamfani, ka tambayi masu gyara na kusa da kai wanne suke samun kayansa, domin rigakafi ya fi magani.

Kada wannan duka ya sanyaya muku gwiwa, akwai hanya mai sauƙi kuma ita ce ta fi koyarwa. X-T20 ta 2017 da X-T2 ta 2016 da X-T3 ta 2018 duk suna da mamurɗan, ana samunsu na hannu a ƙasa da sabuwa nesa ba kusa ba, kuma megafiksel 24 ko 26 sun isa a buga hoton da zai cika bango. Cire madubi ya kawo wata ni'ima da ba a cika faɗa ba. Tazarar da ke tsakanin lensi da sensa ta ragu, a Nikon daga milimita 46.5 zuwa 16, don haka da ɗan zoben haɗi mai araha kusan kowane tsohon lensi na zamanin fim yana hawa, ko Takumar na Pentax, ko Nikkor mai milimita 50, ko Helios na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Da hannu ake saita su, suna da zoben kafa na gaske, kuma suna tilasta wa mai ɗauka ya natsu. A nan kam da tsohuwar zuma ake magani. Ku tuna kuma da waɗanda suka ɗaukaka hoton Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako da Kodak Brownie ya fara, kyautar kawunsa, kuma yawancin hotunansa da ke rataye a manyan gidajen tarihi a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana da zane a baya. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya shi ma da Brownie ya fara a 1950, daga 1968 ya duƙufa kan abu ɗaya, kitson mata, har ya tara kusan hoto 1,000. Malick Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Venice a 2007 saboda hotunan samari da 'yan matan Bamako da ya san su suka san shi. Kayan aikinsu bai kai rabin abin da ke cikin mafi arahar kyamarar yau ba.

Sanin mutanen nan shi ya kawo ni ga ladabi. Ƙaramar kyamara mai kama da ta da ba ta tsorata mutane, kuma ana iya kashe ƙararta gaba ɗaya ta ɗauka shiru. Masu talla suna kiran wannan fa'ida, kuma fa'ida ce, amma amana ce tare. Matar da ke ciniki a kasuwa, da almajirin da ke barci a gindin bango, da tsohon da ke alwala, ba su zama naka ba don ba su ji ka danna ba. Ka yi sallama, ka nemi izini, in an ƙi ka sauke, in an yarda ka juya allon ka nuna musu. Hoton da aka ɗauka da yardar mai shi ya fi kyau ko a ido, domin fuska na sakewa.

In ka tashi sayen ta hannu, ka tafi da katinka da wanda ya fi ka sani. Ka rufe kafa zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton ka duba ɗigo da layi. Ka haska lensi da tocila ta baya ka ga ko akwai zare-zaren fumfuna ko hazo a ciki. Ka murɗa kowane mamurɗi lamba-lamba kana duban allo, ka tabbatar abin da ke rubuce a ƙarfe shi ne kyamarar ke karantawa, domin a irin waɗannan nan ne wurin da ke fara gajiya. Ka nemi shaidar mallaka don kada ka sayi kayan sata. In ta zama taka, ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka karɓi aikin kowa tukuna. Ka ɗauke mamurɗan daga A, ka zaɓi lensi ɗaya, ka yi wata guda kana ɗaukar unguwarku da safe da azahar da bayan la'asar, kowane dare ka zauna ka duba lambobin da suka ba ka hoton da ya yi da wanda bai yi ba.